Tiyatar Ciki ta Gaggawa: Me Ya Sa Ake Rasa Rayuka a Asibitocinmu?

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya daɗe yana fama da ƙaba. An ce a yi masa aiki ya ƙi, saboda wani maƙwabcinmu da aka kai asibiti da ciwon ciki, aka ce hanjinsa ya huje, aka shiga da shi tiyata cikin dare, bayan kwana uku ya rasu. Tun daga ranar Baba ya ce wuƙar likita ba za ta taɓa shi ba. Shin gaskiya ne tiyatar ciki a wajenmu ta fi kisa fiye da warkarwa? In ana yawan mutuwa, me ke jawowa?

Amsa: Allah ya jiƙan maƙwabcinku, ya ba Baba lafiya.

Ɗan'uwa, tsoron Baba yana da tushe. A shekarar 2016 an wallafa wani bincike mai suna GlobalSurg, wanda ya bi diddigin mutum 10,745 da aka yi wa tiyatar ciki ta gaggawa a ƙasashe 58. Cikin kwana 30 bayan aikin, kashi 4.5 cikin 100 ne suka rasu a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta kuwa kashi 8.6. Kusan ninki biyu ke nan. Amma dubi wannan lissafin ta ɗaya gefen: ko a ƙasashe matalauta, fiye da mutum tara cikin goma sun rayu, alhali cututtukan da suka kai su ɗakin tiyata da yawansu ba sa barin mutum da rai in ba a buɗe cikin ba. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Kuma aikin da aka yi wa maƙwabcinku da wanda ake so a yi wa Baba, ɗakin tiyata kawai suka haɗa. Ɗaya aiki ne da ake yi wa mutumin da ya shigo da ƙafarsa, ya ci ya sha jiya. Ɗayan ceto ne ake ƙoƙarin yi wa wanda cuta ta riga ta ci rabin ƙarfinsa.

Bari in fara da hujewar hanji. A yankinmu, musamman ga yara da matasa, sau da yawa zazzaɓin taifot ne ke jawo ta. Ƙwayar cutar tana shiga ta ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, ta sauka a ƙarshen ƙaramin hanji, ta yi gyambo a bangonsa. A mako na biyu ko na uku na zazzaɓin, gyambon kan ci har ya ɓula. Daga wannan lokacin abin da ke cikin hanji yana tsiyaya cikin ramin ciki, kamar a ce masai ya fashe a tsakiyar ɗakin kwana. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ruwan jiki ya tattaru a inda ba shi da amfani, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta rage fitsari, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Mutumin da dama ya yi mako biyu yana zazzaɓi ba ya cin abinci, da wane ƙarfi zai tari wannan? Ɗinke hujin kansa ba aiki ne mai wuya ba, duk likitan tiyata ya iya. Abin da ke da wuya shi ne dawo da jikin da guba ta kwana biyu ko uku tana zagayawa a cikinsa. Shi ya sa a rahotannin asibitocin Afirka, kusan ɗaya cikin biyar na masu hujewar taifot ba sa tashi. Idan mutum ya rasu kwana uku bayan irin wannan aikin, mafi yawa gubar da ta shiga jini tun kafin a iso asibiti ce ta ci gaba da aikinta.

Abin da ke ƙona mini rai game da taifot shi ne cuta ce da bai kamata ta kai kowa ɗakin tiyata ba. A ƙasashen da ruwan sha ya tsarkaka, likita zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga hujewar taifot ba. Akwai allurar rigakafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita tun 2018, kuma Laberiya da Zimbabuwe sun shigar da ita cikin rigakafin yara a 2021, Malawi ta bi su a 2023. A wajenmu kuwa duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku sai a ce taifot ne, a yi gwajin Widal wanda ba abin dogaro ba ne, a sha maganin kwana biyu a ajiye. Mai taifot na gaskiya yana cikin wannan taron, yana shan rabin magani.

Na biyu da muke yawan gani shi ne fashewar olsa. Wannan tana zuwa farat ɗaya: mutum zai iya faɗa maka daidai lokacin da ciwon ya soke shi a saman cibiya, ya kasa miƙewa, numfashi ma da kyar. Ƙwayar cutar da ke zama a tumbi tana da hannu, sigari na da hannu, amma abin da na fi so mutane su sani shi ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam. Lebura ko manomi ko ɗan acaba ya dawo a gajiye, ya tsaya a kemis a yi masa haɗi, ya kora da ruwa ciki ba komai, yau da gobe. Waɗannan magungunan suna cinye abin da ke kare bangon tumbi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Danmak, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa bayan an kwantar da mai fashewar olsa a asibiti, kowace awa ɗaya da aka jinkirta aiki tana rage damar tsirarsa da kashi 2.4 cikin 100. A can ana lissafi da awa. A nan mutum kan zo mana a kwana na biyu ko na uku.

Afendis ba sai na tsawaita ba, kowa ya san sunansa. Ciwo ya fara a cibiya, ya koma ƙasan ciki ta dama, sha'awar abinci ta ɗauke. In an cire shi da wuri, aiki ne na ƙasa da awa ɗaya. Hatsarin shi ne idan ya fashe ciwon kan ɗan lafa na wani lokaci, sai 'yan gida su yi hamdala su ce sauƙi ya samu. Akwai kuma murɗewar babban hanji, wadda ta fi kama maza manya a sassa da yawa na Afirka: ciki ya kumbura ƙwarai, ba bahaya, ba tusa. Ga mace mai shekarun haihuwa kuma, wadda al'adarta ta yi jinkiri sannan ciwon mara ya kama ta tare da jiri ko suma, a ɗauka ciki ne a wajen mahaifa ya fashe har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Yanzu ga maganar Baba. Ƙaba rauni ne a bangon ciki, galibi a matsematsi, wanda hanji ke leƙowa ta cikinsa, wani lokaci har ya gangara cikin maraina. (Ba kowane kumburin maraina ne hanji ba, wani ruwa ne kawai, kuma likita na iya bambancewa da hannu.) Muddin yana fitowa yana komawa idan an kwanta, ba gaggawa. Ranar da ya fito ya ƙi komawa, bakin ramin ya shaƙe shi, jini ya daina isa gare shi, cikin awanni kaɗan hanjin zai fara mutuwa. A asibitoci da yawa na Afirka ta Yamma, ƙabar da ta maƙale tana sahun gaba cikin abubuwan da ke toshe hanjin manya. A Turai ta sauka daga wannan matsayin, don ana gyara ta tun tana ƙarama.

Gyaran ƙaba da aka tsara yana cikin ayyuka mafi sauƙi da muke yi. Ba a buɗe ramin ciki. Ba lallai a sa mutum barci ba, allurar kashin baya ta isa, wani lokaci ma a kashe wurin kawai. Da yawa suna komawa gida a ranar ko washegari. Ana sa wata 'yar raga a ƙarfafa wurin don kada ta dawo, kuma tsadar ragar ba dole ta zama shinge ba: a wani gwaji da aka yi a Yuganda, aka wallafa a 2016, an kwatanta ragar kamfani ta dala 125 da wata raga mai araha irin ta gidan sauro, wadda ba ta kai dala ɗaya ba, bayan shekara guda ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. Ka lura, raga ce ta musamman da ba a sa mata maganin sauro ba, aka tsarkake ta a asibiti.

Zan faɗa maka gaskiya, a Amurka da Turai likita kan bar ƙabar da ba ta damun mutum a riƙa sa ido, domin a kowace shekara kaɗan ne ke maƙalewa, kuma in ta maƙale asibiti na kusa. Ni ban yarda wannan shawarar ta dace da dattijon da ke zaune nesa da asibitin da ke aiki cikin dare ba, balle in yana tari, ko yana yunƙuri wajen fitsari, ko har yanzu yana ɗaukar kaya. Shawarata ku kai Baba a duba shi, a auna hawan jini da sukari da yawan jininsa, a sa rana. Ku bar shi ya yi wa likitan tambayoyinsa da bakinsa, kuma in akwai sa'ansa da aka yi wa aikin ya warke, ku haɗa su. Dattijo ya fi jin maganar dattijo. Kafin nan, duk ranar da kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri, yana ciwo, ga amai, to a wannan sa'ar za a tafi asibiti, ko ƙarfe biyun dare ne. Kada a danna da ƙarfi, kada a gasa, kada a kira wanzami.

To me ke cinye lokacin? Kwanakin farko a gida suke tafiya. A jiƙa sassaƙe, a sha kanwa, a ce shawara ce ko basir, wani ya ce jifa ne. Daga nan sai kemis, a yi allurar kashe ciwo, wadda za ta rufe alamar na wasu awanni cutar na ci gaba. Mafi muni shi ne maganin wankin ciki ga wanda hanjinsa ya toshe, don ƙara matsa wa hanjin yake yi. Ba na raina addu'a, ni ma ina yi kafin in ɗauki wuƙa, amma a yi ta a mota ana tafiya. Ciwon ciki mai tsanani da ya wuce awa shida bai lafa ba, ko cikin da ya ƙame ba ya son a taɓa, ko amai kore, ko kumburi ba bahaya ba tusa, ko zazzaɓin mako biyu da ciwon ciki ya biyo bayansa kwatsam, duk na asibiti ne, kuma asibitin da ke da ɗakin tiyata. Kada a ba shi koko ko shayi a hanya don a ƙarfafa shi, domin abin da ke cikin tumbi na iya komawa huhu lokacin da aka sa shi barci.

Sai hanya. Kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke bukata, kuma cikin ayyuka miliyan 313 da ake yi a shekara, kashi 6 cikin 100 kacal ake yi a ƙasashe mafi talauci, inda fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ke zaune. Ma'aunin da suka kafa shi ne aƙalla kashi 80 cikin 100 na jama'a su iya isa, cikin awa biyu, asibitin da zai iya abu uku: buɗe ciki, ciro jariri ta tiyata, da gyara karayar da ƙashi ya fito. A taswira garuruwanmu da yawa sun cika wannan sharaɗin, tunda akwai babban asibiti a hedikwatar ƙaramar hukuma. A zahiri sai a je a tarar likita ɗaya ne kuma yana hutu, ko babu mai ba da maganin barci, ko babu man janareto. A rubuta takardar turawa zuwa birni, a sake neman mota, dare ya yi, hanyar kuma a wasu yankunan ba a bin ta bayan magariba saboda 'yan bindiga.

Sai kuɗi, wanda shi ne jinkirin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya domin a gaban idonmu yake faruwa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Marar lafiya na kwance, an miƙa wa ɗansa takarda: ruwa, allurai, zaren ɗinki, safar hannu, kuɗin ɗakin tiyata. Ya koma ƙauye sayar da akuya ko buhun hatsi, kasuwa kuma sai jibi take ci. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma yana da kyau ku san da wannan. Sai dai doka ba ta sayen zare. Asibitocin da na ga sun rage wannan matsalar su ne masu ajiye ƙunshin kayan aikin gaggawa a kabad, a yi aiki tukuna a yi lissafi daga baya. Ku kuma abin da ke hannunku: ku tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini, kuma ku tafi da wanda maganarsa ke yanke hukunci a gida. An sha rasa awanni ana jiran wan miji ya iso daga wani gari ya sa hannu, alhali baligi mai hankali, namiji ko mace, yana da ikon sa wa kansa hannu.

Akwai jinkiri ɗaya da yake na alheri, kuma 'yan'uwa kan yi fushi a kansa don ba a yi musu bayani ba. Wanda ya zo jikinsa a bushe, jini a ƙasa, in aka sa shi barci a haka zuciyarsa na iya tsayawa. Dole a fara ƙarin ruwa da sauri, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a sa robar hanci ta zuƙe abin da ya taru a tumbi, a sa robar fitsari a ga ko ƙoda ta farfaɗo. Wannan aikin awanni kaɗan ne, ba na kwana biyu ba. In kun ga ana yin waɗannan, ana aiki. In ba a yin komai, ku tambayi dalili cikin ladabi, ku sake tambaya.

Wa zai yi aikin? Kwamitin Lancet ya ce ana bukatar aƙalla ƙwararru 20, masu tiyata da masu ba da maganin barci da likitocin mata, ga kowane mutum 100,000. Binciken da zan ambata a ƙasa ya tarar da ƙasa da ƙwararre ɗaya ga kowane mutum 100,000 a asibitocin Afirka da ya duba. Ba za mu cike wannan giɓin nan kusa ba, ga shi waɗanda aka horar suna ficewa. Mozambik ta fuskanci haka bayan samun 'yancin kai, sai ta fara horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su yi tiyata tun 1984, kuma su ne suka zauna a karkara bayan likitoci sun koma birni. Nijar ta bi hanyar ba likitoci na gama-gari horon tiyata na musamman don asibitocin gundumomi. A Gana an kwatanta gyaran ƙaba da irin waɗannan likitocin suka yi bayan horo da wanda ƙwararru suka yi, sakamakon bai nuna ƙwararrun sun fi ba. Ina goyon bayan wannan hanyar da zuciya ɗaya, da sharaɗin horo na gaskiya, da mai duba aikinsu, da sanin inda iyakarsu take. Wannan daban yake da wanda ya taɓa riƙe wa likita almakashi sannan ya kama shago a lungu yana yanka mutane. Ku tambayi wanda zai yi aikin, ku tambayi wanda zai kula da barcin, ku duba ko akwai iskar oksijin da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne inda ake mutuwar. A 2018 aka wallafa binciken da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta, a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, kan mutum fiye da 11,000. Marasa lafiyan sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, duk da haka ko a aikin da aka tsara mutuwarsu ta ninka matsakaicin duniya sau biyu. Kuma kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu, bayan ranar aikin suka rasu. Wato a ɗakin kwanciya, inda nas ɗaya ke kula da gadaje masu yawa cikin dare, mutum ya fara lalacewa ba wanda ya lura sai abu ya yi nisa. Da aka gwada tsarin ƙara sa ido a bincike na biyu, mutuwar ba ta ragu ba, asibitoci da yawa ma ba su iya aiwatar da tsarin yadda aka so ba, don ba hannun da zai yi.

A nan mai jinya yake da amfanin da ya wuce kawo abinci da wanke kwano. Kai ne kake zaune a gefen gadon awa ashirin da huɗu. Ka lura da numfashi: in ya yi sauri, ka kira nas. Ka lura da jakar fitsari: in awanni sun wuce ba ta ƙaru ba, ka faɗa. In ya fara sambatu ko barcin da ba a iya tashinsa, in hannuwa sun yi sanyi, in ciki ya sake kumbura, in ruwa mai wari ya ɓullo daga ɗinki, in ledar ƙarin ruwa ta ƙare ba a sauya ba, kada ka ji kunyar tashin kowa. Kada a ba shi abinci ko jiƙo a ɓoye kafin likita ya ce a fara. Idan an ce ya tashi ya taka washegarin aiki, ku taimaka masa ya taka ko yana jin zafi, domin kwanciya ce ke kawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa.

Wani lokaci likita zai fito ya ce hanjin ya lalace ƙwarai, ko cikin ya gurɓata har ɗinki ba zai riƙe ba, don haka ya fito da bakin hanjin ta gefen ciki, bahaya zai riƙa zuba a jaka. Na san nauyin wannan a wajenmu, ga maganar tsarki da sallah, ga kunya, har wasu kan ƙi sa hannu saboda shi. Ga hujewar taifot da murɗewar hanji, galibi na wucin gadi ne: bayan wasu makonni ko watanni, in jiki ya murmure, ana mayar da shi. A tsakanin nan, wanda aka fito masa da ƙaramin hanji yana zubar da ruwa da gishirin jiki da yawa, don haka ya riƙa shan ruwan gishiri da sukari, ya ci abinci mai gina jiki, a kare fatar wurin daga ci. Kafin a sallame ku, ku sa a rubuta muku ranar dawowa da inda za ku riƙa samun jakar.